Boksin da MMA: Tambayoyin da Masu Kallo a Kano Suka Fi Yi, da Amsoshinsu

Tun shekarar 2019, lokacin da Kamaru Usman da Israel Adesanya suka ɗauki kambun UFC, kamfanin da ke shirya wasannin MMA, wata bakwai tsakaninsu, gardamar boksin da MMA ta sami wurin zama a gidajen kallo da teburan masu shayi na Kano, daga Fagge har Hotoro. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi dawowa a bakin masu kallo, da matasan da ke son shiga atisaye, da iyayen da ake neman izininsu. Da yake Bakano ya san dambe da kokawa tun kafin ya san talabijin, an riƙa auna wasannin biyu da ma'aunin da ke hannunmu.

Mene ne boksin, kuma mene ne MMA?

Boksin, wanda wasu ke kira damben zamani ko damben Turawa, wasa ne na naushi zalla. Mutum biyu masu ajin nauyi ɗaya suna sanya safar hannu mai kauri, su hau dandamali mai kusurwa huɗu da aka kewaye da igiyoyi, kowa yana neman ya sami abokin karawarsa daga ƙugu zuwa sama. Babu shuri, babu kayarwa, kuma da zarar an rungumi juna an daɗe, alƙalin wasa zai shiga tsakani ya raba.

MMA gajarta ce ta sunan Turanci da ke nufin haɗakar dabarun faɗa iri-iri. A cikinsa an yarda da naushi da shuri da bugun gwiwa da na gwiwar hannu, an yarda a ɗaga mutum a kayar kamar yadda ake yi a kokawa, sannan faɗan ba ya ƙarewa don an kai ƙasa. A can ma ana ci gaba da duka, ko a nemi shaƙe wuya, ko a murɗe hannu ko ƙafa har wanda aka kama ya miƙa wuya. Galibin wasanninsa a keji ake yin su, wato fili da aka kewaye da ragar waya, domin kada masu kokawa su sulluɓe ta tsakanin igiyoyi su faɗo.

Ashe UFC ba shi ne sunan wasan ba? Kuma mene ne haɗinsa da resilin?

UFC sunan kamfani ne na Amurka, MMA kuma sunan wasan. Mutane sun haɗe su ne kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo. Akwai wasu kamfanonin da ke shirya wasan, irin su PFL a Amurka, da ONE Championship a Asiya, da EFC a Afirka ta Kudu.

Resilin na WWE kuwa wasan kwaikwayo ne da ake tsara wanda zai yi nasara tun kafin a fito, ko da yake faɗuwar da ake yi a cikinsa ta gaske ce kuma tana jin ciwo. A MMA babu wanda ya san yadda za ta kaya. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne, tun 2023 kamfanonin UFC da WWE suka koma ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya mai suna TKO, amma zaman gida ɗaya bai mayar da sana'arsu ɗaya ba.

Wanne ne ya girmi wani?

Boksin ya girmi MMA nesa ba kusa ba, idan tsararren wasa mai doka ake magana. Dokokin Queensberry da aka wallafa a Ingila a 1867 su suka kawo safar hannu, da turmi na minti uku, da ƙirga goma ga wanda ya faɗi, kuma har yau a kansu boksin ke tafiya. Ya shiga gasar Olamfik a 1904, na mata kuma a 2012.

MMA na zamani ya fito fili ne a ranar 12 ga Nuwamba 1993 a birnin Denver, inda aka tara gwanayen fannoni daban-daban ba tare da ajin nauyi ba don a ga fannin da ya fi. Royce Gracie, ɗan Brazil wanda bai kai yawancinsu jiki ba, shi ya cinye gasar ta hanyar kai mutane ƙasa da shaƙewa. Wasan ya sha tsangwama a shekarun farko, jihohin Amurka da dama suka haramta shi, har sai da aka samar da dokoki na bai ɗaya a wajajen 2001. Jihar New York ba ta halatta shi ba sai 2016, Faransa kuma sai 2020.

Tsawon wane lokaci ake wasa, kuma ta yaya ake cin nasara?

Wasan kambun duniya na boksin na maza turmi 12 ne, kowane turmi minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani, wato minti 36 na faɗa. Masu tasowa suna farawa da turmi huɗu ko shida. A MMA turmi minti biyar ne, ana yin uku a wasan yau da kullum, biyar a wasan kambu ko babban wasan dare, wato minti 25. Kada gajartar ta ruɗi mai kallo, domin minti biyar na kokawa da ƙato a kan ƙirjinka yana cinye numfashi ta hanyar da naushi kaɗai ba ya yi.

A boksin, wanda aka kai ƙasa yana da ƙirga goma ya miƙe. Idan ya kasa, an yi masa bugun kwaf ɗaya ke nan. Idan ya miƙe alƙali ya ga idonsa da ƙafarsa sun daidaita, sai a ci gaba. MMA ba shi da wannan ƙirga. Wanda ya faɗi ana bin sa ƙasa da duka, kuma da alƙali ya ga ya daina kare kansa zai faɗa tsakani ya tsayar da wasa. Akwai kuma miƙa wuya, inda wanda aka shaƙe ko aka murɗe zai bubbuga hannunsa a jikin abokin karawa ko a ƙasa, kuma babu mai ganin haka a matsayin abin kunya. Wannan bambanci na ƙirga goma yana da muhimmanci ƙwarai a amsar tambayar da ta shafi haɗari.

Idan lokaci ya ƙare babu kisa, kamar yadda 'yan dambenmu ke faɗa, alƙalai uku da ke zaune a gefe su ke yanke hukunci da maki. Wanda ya ci turmi yana samun 10, ɗayan kuma 9 ko ƙasa da haka. MMA aron wannan tsari ya yi daga boksin, kuma rigar aro ce da ba ta zauna masa daidai ba, saboda a wasan turmi uku kuskuren alƙali a turmi guda ya isa ya juya sakamako gaba ɗaya.

Da gaske ne babu doka a MMA?

Ba gaskiya ba ne, kodayake a 1993 an yi kusa da haka. Yanzu an hana tsokane ido, da cizo, da karo da kai, da dukan gaba, da dukan ƙeya ko ƙashin baya, da jan gashi, da lanƙwasa yatsu, da riƙe ragar keji. A dokokin da UFC ke bi an kuma hana shuri ko bugun gwiwa a kan mutumin da ke ƙasa idan kansa aka nufa. Jerin laifuffukan MMA ma ya fi na boksin tsawo, don kuwa inda aka buɗe ƙofofi da yawa dole a yawaita masu gadi.

Me ya sa safar hannun boksin ta fi girma, kuma shin hakan na nufin ta fi sauƙin duka?

Safar ƙwararrun 'yan boksin tana da nauyin giram 227 ko 283, gwargwadon ajin nauyi, kuma ta rufe hannu ruf. Ta MMA kusan giram 113 ce, yatsu a waje, domin a iya kama mutum. Mutane da yawa suna zaton babbar safa kan wanda ake duka take karewa, alhali hannun mai dukan ta fi karewa. Ƙasusuwan bayan hannu sirara ne, ƙoƙon kai kuwa tauri gare shi, saboda haka wanda hannunsa ke cikin kauri yana iya sakin ƙarfinsa duka a kan kai turmi bayan turmi ba tare da tsoron karaya ba. Babbar safa tana rage tsagewar fata, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙo.

Tana kuma da wani aiki na biyu, wato zama garkuwa. Ɗan boksin yana iya haɗe safofinsa biyu a fuska ya ɓuya a bayansu, abin da ba ya yiwuwa da ƙaramar safa, wadda naushi ke ratsawa ta gefenta.

Dambenmu na gargajiya ya fi kusa da wanne?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe na Ado Bayero Square a Sabon Gari ya san cewa dambe yana da ɗan kama da kowannensu, amma tsarinsa nasa ne. Da boksin ya yi tarayya a kan cewa naushi ne ginshiƙi kuma a tsaye ake yin sa. Da MMA kuma ya yi tarayya a kan cewa ana sa ƙafa. Inda ya rabu da su duka shi ne rabon aikin hannaye: ɗaya an naɗe shi da zare shi ne mashi, ɗayan a buɗe an miƙa shi gaba shi ne garkuwa, ana auna tazara da shi ana ture abokin karawa. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare.

Wannan doka ta kisa ita ce ta sa dambe ya zama wasan neman duka ɗaya mai kayarwa. Ɗan dambe ba ya tara maki, don haka ba ya ɓata ƙarfinsa a ƙananan naushi. Yana zagaye, yana auna, yana jiran kafa. Ɗan boksin kuwa yana iya cin wasa ba tare da ya kai kowa ƙasa ba, muddin ya fi yawan duka mai tsabta. Ta fuskar ƙasa kuma, dambe da MMA hannun riga ne, domin inda namu ya ƙare nan nasu ke buɗe sabon babi. Idan ana neman ɗan'uwan MMA a wasanninmu, sai dai a haɗa dambe da kokawa wuri ɗaya, sannan a ƙara faɗan kwance, wanda babu shi a ko ɗaya daga cikinsu.

Idan aka haɗa ɗan boksin da ɗan MMA, wa zai yi nasara?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma ba sai an yi hasashe ba, don an gwada sau da dama. Amsar a taƙaice ita ce wanda aka yi wasan da dokarsa shi ke cin nasara. A watan Agustan 2010, James Toney, wanda ya riƙe kambun duniya na boksin a ajin nauyi uku, ya shiga kejin UFC da Randy Couture. Couture ya kama ƙafarsa ya kai shi ƙasa tun a farkon wasa, ya shaƙe shi kafin turmin farko ya ƙare, Toney bai sami sakin naushin kirki ko ɗaya ba. A watan Agustan 2017 aka juya lamarin: Conor McGregor, tauraron UFC, ya hau dandamalin boksin da Floyd Mayweather a Las Vegas. Ya yi ƙoƙari a turamen farko, daga baya numfashi ya ƙare masa, alƙali ya tsayar da wasa a turmi na 10.

Labarin Francis Ngannou, ɗan Kamaru wanda ya riƙe kambun masu nauyi na UFC, ya fi kowanne koyarwa. A wasansa na farko na boksin, a Riyadh cikin Oktoban 2023, ya kai Tyson Fury, zakaran boksin na masu nauyi a lokacin, ƙasa a turmi na uku, aka ƙare alƙalai biyu suka ba Fury, ɗaya ya ba shi, kuma har gobe akwai masu cewa an yi masa ƙwace. Gidajen kallo suka ɗauka cewa ɗan MMA ya gama da boksin. Bayan wata biyar, a Maris 2024, Anthony Joshua ya kai shi ƙasa sau uku ya gama da shi a turmi na biyu. Ƙarfin naushin Ngannou bai ragu ba tsakanin wasannin biyu. Abin da ya faru shi ne Joshua bai raina shi ba, ya yi masa shiri irin na ɗan boksin, sai ratar shekarun horo ta bayyana.

Akwai waɗanda suka saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma adalci ne a ambace su. Ray Mercer, tsohon zakaran boksin, ya gama da Tim Sylvia, tsohon zakaran UFC, da naushi ɗaya cikin daƙiƙa tara a 2009 a ƙarƙashin dokar MMA. Holly Holm, wadda ta yi suna a boksin, ta doke Ronda Rousey, zakarar UFC ta mata a lokacin, a 2015, sai dai da shuri a wuya ta gama da ita, bayan ta shafe shekaru tana koyon hana kayarwa. A ra'ayin mai wannan rubutu, ɗan MMA da ya shiga boksin yana iya kai turame yana shan duka da mutuncinsa, amma ɗan boksin da ya shiga keji babu ilmin kokawa damarsa ɗaya ce tak, wato ya sami naushinsa kafin a kama ƙafarsa.

Mene ne takamaimai ke hana gwanin boksin sakewa a keji?

Abubuwan da suka sa ya zama gwani su ne ke zama masa tarko. Ɗan boksin yana tsayuwa a karkace, ƙafa ɗaya a gaba da nauyi a kanta, domin ya rage wurin da za a doka kuma ya tsawaita hannunsa na gaba. A MMA wannan ƙafar ita ce abin farko da za a riƙa shura a cinya da sha-raɓa har ta kasa ɗaukarsa, ko a cafke ta a kayar da shi. Yana sunkuyar da kai ya kauce wa naushi, a keji kuwa gwiwa ce ke jiran wanda ya sunkuya. Idan ya gaji yana rungumar abokin karawa ya jira alƙali ya raba, alhali a MMA runguma ita ce mafarin kokawa. Garkuwar safar da ya saba ɓuya a bayanta kuma, kamar yadda aka bayyana a amsar safar hannu, babu ita.

Ta ɗaya ɓangaren, ɗan MMA yana raba lokacin atisayensa gida huɗu ko biyar, don haka naushinsa ba zai taɓa kai na wanda ya shekara ashirin yana abu ɗaya ba. Idan ka ga 'yan UFC suna naushi hannu a sake, haɓa a sama, ba rashin koci ba ne. Hannun yana ƙasa ne yana gadin kayarwa.

Wanne ya fi haɗari ga lafiya?

Ido zai ce MMA, saboda jini. Gwiwar hannu tana tsaga fata kamar reza, kuma an ga ƙafar Anderson Silva ta karye a 2013, ta McGregor kuma a 2021, duniya tana kallo. Sai dai rauni iri biyu ne, akwai wanda ake ɗinkewa ko a ɗaure ya warke, akwai kuma wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwa shiru. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Alberta ta Kanada, wanda ya duba bayanan likitoci na wasannin shekara goma a birnin Edmonton, ya gano cewa 'yan MMA sun fi yawan samun rauni, amma galibi ƙuje da tsagewa ne, yayin da 'yan boksin suka fi yawan suma da munanan raunukan ido.

Dalilin yana cikin dokokin da aka ambata a baya. A boksin kusan duk dukan kai da ciki yake nufa, har tsawon minti 36, kuma ƙirga goma tana ba mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta girgiza damar miƙewa ya ƙara shan wani dukan. A MMA wani kaso na lokacin yana tafiya a kokawa, wasa kuma yana iya ƙarewa da miƙa wuya ba tare da an taɓa kai ba. Tun 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana cutar da ke kama tsofaffin 'yan boksin, mai kawo rawar jiki da nauyin baki da mantuwa. Rasuwar Duk Koo Kim ɗan Koriya ta Kudu a 1982, bayan an kai shi ƙasa a turmi na 14 a wasansa da Ray Mancini, ita ta sa aka rage wasan kambu daga turmi 15 zuwa 12.

Wannan ba wanke MMA ba ne. Dukan da ake bin wanda ya faɗi da shi kafin alƙali ya iso duka ne a kan mutumin da ba ya kare kansa, kuma wasan bai tsufa ba balle a ga ƙarshen tsofaffinsa da yawa. A duka biyun, yawancin dukan da ɗan wasa ke sha a rayuwarsa a wurin atisaye yake shan sa, inda babu kyamara kuma babu likita.

Yaya batun ajin nauyi, kuma me ya sa ake ganin 'yan wasa a rame ranar awo?

Boksin na ƙwararru ya daɗe da aji 17, UFC kuma tana da takwas na maza. Ajin masu nauyi na boksin ba shi da iyaka ta sama, na UFC kuwa ya tsaya a kusan kilo 120. Da yake ana awo kwana ɗaya kafin wasa, 'yan wasa suna matse ruwan jikinsu ta hanyar ƙin sha da zufa don su shiga ajin da ke ƙasa da nauyinsu na gaskiya, sannan su mayar da shi cikin dare. Matsalar ta fi tsanani a MMA saboda tazarar da ke tsakanin aji da aji ta fi faɗi. Ɗabi'a ce da ta taɓa kashe 'yan wasa, kuma matashin da zai kwaikwaye ta a zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ƙodarsa yake wasa da ita.

Me ya sa boksin ke da zakarun duniya da yawa a aji ɗaya?

Saboda hukumomi huɗu ne ke ba da kambu, wato WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da jerin gwanayenta, ga kuma masu shirya wasa da gidajen talabijin da ba sa ga maciji da juna. Shi ya sa aka shafe fiye da shekara biyar ana jan ƙafa kafin Mayweather da Manny Pacquiao su haɗu a 2015. Lokacin da Oleksandr Usyk ya doke Fury a Mayun 2024 ya haɗe kambunan masu nauyi, rabon da a ga mai riƙe da su duka tun Lennox Lewis a 1999. A UFC kamfani ɗaya ne ke da 'yan wasa, shi ke da kambu, shi ke haɗa wasa, don haka gwani ba ya daɗe yana guje wa gwani. Mai kallo ya ci ribar wannan tsari, amma ɗan wasa shi ke biyan kuɗinta, kamar yadda amsa ta gaba za ta nuna.

Wanne ya fi kawo kuɗi?

A ƙololuwa boksin ne, babu gardama. Babban ɗan boksin yana cinikin kansa wasa bayan wasa, yana kuma ɗaukar kaso mafi tsoka na abin da aka tara. Wannan ne ya ja McGregor da Ngannou zuwa dandamalin da ba nasu ba. A UFC ɗan wasa yana ɗaure da kwantiragi na wasanni da dama, kuma takardun da suka fito a wata shari'a da tsofaffin 'yan wasa suka shigar a Amurka sun nuna cewa abin da ke isa hannun 'yan wasa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shiga ba. An sasanta shari'ar a kan dala miliyan 375. Kamfanin da aka saya dala miliyan 2 a 2001 an sayar da shi kusan dala biliyan 4 a 2016. Dokar Muhammad Ali ta shekarar 2000, wadda ke kare 'yan boksin daga danniyar masu shirya wasa a Amurka, ba ta shafi MMA ba.

A ƙasan tsani kuwa labarin ya sha bamban. Ƙaramin ɗan boksin da ke buɗe fage yana iya tashi da abin da bai kai kuɗin magani da na koci ba, kuma mafi yawan 'yan wasa a fannonin biyu suna da wata sana'ar da suke ci da ita.

Wane tarihi Najeriya ke da shi a wasannin biyu?

A boksin tarihin ya girmi 'yancin kai. Hogan Bassey ɗan Kalaba ya zama zakaran duniya a Faris a 1957. Dick Tiger ya doke Gene Fullmer ya ɗauki kambun duniya a 1962, ya sake doke shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a 1963, sannan ya ɗauki kambu a aji na gaba a 1966. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta taɓa samu ta boksin ce, tagullar Nojim Maiyegun a Tokyo a 1964. Samuel Peter ya riƙe kambun WBC na masu nauyi a 2008, Joshua kuma, wanda asalin iyayensa Shagamu ne, Birtaniya yake wakilta.

A MMA, Usman haifaffen Auchi ne amma a Amurka ya koyi kokawa, Adesanya haifaffen Legas ne amma a New Zealand ya zama ɗan wasa. Abin lura biyu ne a nan: zakarun MMA ɗinmu duk a waje aka horar da su, kuma sunayen duka daga kudu suke. Ba ƙarancin jarumai ne ya jawo haka ba, ƙasar da ta fitar da Shago da Ɗandunawa ba za a ce mata haka ba. Jarumtar Arewa gidan dambe ta nufa, inda akwai kiɗa da kirari da 'yan kallo da suka san darajarta.

Me malamai suka ce game da waɗannan wasanni?

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke hukunci a 1987 cewa boksin irin wanda ake yi a gasa haramun ne, saboda an gina shi a kan halatta cutar da juna, haka ma duk kokawar da aka yarda a ji wa abokin karawa ciwo a cikinta. Daga cikin hujjojin da malamai ke kawowa akwai hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim mai umartar a nisanci fuska wajen duka. Kokawar da babu cutarwa a cikinta kuwa an halatta ta, kuma ana kafa hujja da ruwayar kokawar Annabi (SAW) da Rukana. Kasancewar Muhammad Ali da Khabib Nurmagomedov Musulmi ne, ko kasancewar ana manyan wasanni a Riyadh, ba hujja ba ce a wurin malamai. Da yawansu suna bambanta gasa da atisayen motsa jiki ko koyon kare kai da ake yi da buhun duka ba tare da bugun fuska ba, kuma wanda abin ya shafa ya kamata ya zauna da malaminsa ya yi masa bayanin ainihin abin da yake son yi.

Matashi a Kano da ke son farawa, wanne ya fi dacewa da shi?

Boksin ya fi sauƙin farawa. Kayan aikinsa safa ne da bandejin naɗe hannu da igiyar tsalle da robar kare haƙori da buhun duka, kuma yana da tsani a fili: ƙungiyar jiha, gasar wasanni ta ƙasa da ake yi tun 1973, sannan tawagar ƙasa. MMA yana buƙatar shimfiɗar roba mai kauri, da masu horarwa a fannoni aƙalla uku, da abokan atisaye da suka san lokacin sakin wuya, kuma ba ya cikin wasannin Olamfik. Hanyar da ta fi hankali ga mai sha'awarsa ita ce ya ƙware a fanni ɗaya da ake koyarwa a gari, kamar judo ko kokawa ko taekwondo ko boksin ɗin kansa, kamar yadda Usman ya fito daga kokawa, Rousey kuma daga judo.

Ɗan damben da zai koma boksin yana zuwa da zuciya da sanin tazara da duka mai nauyi, amma sai ya mayar da hannun garkuwa hannun naushi, ya kuma koyi raba ƙarfinsa a turame masu yawa. Ɗan kokawa kuwa, a ganin mai wannan rubutu, ya fi ɗan dambe kusa da keji, domin wanda ya iya kayarwa da hana kayarwa shi ke zaɓar inda za a yi faɗan. Iyaye kuma su leƙa wurin atisayen da kansu kafin su amince. Idan suka tarar ana haɗa sabon shiga da tsohon hannu, ko ana barin wanda ya ji jiri ya koma fage a ranar, to su nemi wani wurin.

Me ya sa manyan wasannin ke zuwa a tsakar dare?

Saboda yawancinsu a Amurka ake yin su, da daddare a agogonsu. A Kano hakan na nufin a fara bayan ƙarfe biyu na dare, babban wasan kuma ya faɗo dab da kiran assalatu, shi ya sa da yawa suke haƙura su kalli maimaici a waya da safe. Wasannin Ingila da na Riyadh da Abu Dhabi su ne masu sauƙi a gare mu, don galibi tsakanin magariba da sha biyun dare suke faɗowa, lokacin da gidajen kallo ba su kashe janareta ba.